Lambun Uwaisu Bai Taɓa Kwana Babu Shuka Ba

Jawabin da Malam Zakariyya Isyaku ya yi a madadin manoman Lambun Biyu-Biyu, a taron addu'ar arba'in ta marigayi Malam Uwaisu Inuwa, a ƙofar gidansa da ke Panshekara, cikin watan Nuwamba na 2007. An kwafo shi daga kaset aka raba wa jama'a.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Dagaci. Allah gafarta Malam, limamin wannan unguwa. Fasto da dattawan ikilisiya da suka taso daga Sharada. Wakilin ƙaramar hukuma. Shugabannin ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, na da da na yanzu. Alhaji Idi Inuwa, yayan marigayi kuma babba a gidansu. Malama Talatu, matar marigayi, wadda ke takaba a cikin gida, na san lasifika tana kai miki maganata. Ummi, 'yarsa. Manoman Lambun Biyu-Biyu, maza da mata. Jama'ar da ta cika wannan layi. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Manoman lambun ne suka ɗora mini wannan magana. Sun ce in faɗi wane ne Malam Uwaisu, in kuma faɗi abin da ke damunsu ba tare da kwana-kwana ba. Zan fara da na biyun, don kowa ya san a kan me muke.

Lambun da Malam Uwaisu ya kafa yana kan fadamar mahaifinsu a bakin Challawa, wadda ba a taɓa raba gadonta ba, tana hannun Alhaji Idi. Tun ranar sadakar uku dillalai suka fara zarya a gidan Alhaji Idi. Wani kamfani yana son wurin, zai gina sito, ya yi wa tireloli wurin kwana. An ce wa manoma su dakata da shuka har iyali su gama shawara, kuma sun dakata. Abin da ya rage a ƙasar yanzu dawa ce a gefen gabas, ta nuna, cikin makon nan za a girbe ta. In aka girbe ta ba a dasa komai ba, ƙasar za ta kwana babu shuka a karo na farko tun da aka kafa lambun. Abin da ya sa wannan ya tayar mana da hankali, zan zo kansa.

Ya kasance ma'aikacin masaƙa a Bompai, a ɓangaren da ake naɗe yadi. A 1994 inji ya kama hannun rigarsa, ya bi da hannunsa na dama har gwiwa. A lokacin ina ɗauko wa jarida labaran ma'aikata, na je na same shi a asibiti. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

Ya ce, “Malam ɗan jarida, in za ka rubuta, kada ka sa ‘abin tausayi.’ Ka sa an cire hannu ɗaya, saura ɗaya.”

Haka na rubuta, kuma a shekarun da suka biyo baya ban taɓa samun dalilin gyara wannan layi ba.

Da aka sallame shi daga aiki, masu son sa suka kawo shawarwari. Wani abokinsa, da zuciya ɗaya, har ya gaya masa danjar da motoci suka fi daɗewa a tsaye, ya ce in ya je da dungun a buɗe zai fi samu. Malam Uwaisu ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa godiya, ya ce shi a tsaye a rana ya saba, amma ba da hannu a miƙe ba. Washegari ya tafi wurin maƙeri a kasuwar Panshekara ya sa aka rage wa fartanya ƙota, aka ɗaura mata madaurin fata da zai riƙe ta a kafaɗa. Daga nan ya wuce gidan yayansa ya nemi aron fadama.

A nan ne nake so matasa da baƙi su saurara, domin al'adar garin nan ce. In ka ara wa mutum gona, taka ce, kana da ikon karɓar abarka. Amma ba a karɓar gonar aro da shuka a cikinta. Sai mai aro ya cire amfaninsa, ƙasa ta koma yadda aka ba shi, sannan mai gona ya ce na karɓa. Dagaci yana nan, shi ke raba irin wannan gardama, in na yi kuskure ya gyara mini. Alhaji Idi ya ba ƙanensa aro a kan wannan sharaɗi, ya ce, “Ka noma, in ka cire amfani sai mu yi magana.”

Malam Uwaisu bai taɓa gama cire amfani ba.

Kafin a haƙe albasa, kuɓewa ta tsiro a gefenta. Kafin kuɓewa ta tsufa, masara ta kai gwiwa. Kafin a karye masara, dawa ta tsaya. Kafin a girbe dawa, an dasa albasa. Bai yi wannan a ɓoye ba, kuma bai yaudari kowa ba. Duk shekara Alhaji Idi zai ajiye motarsa a bakin titi, ya tattare babbar riga, ya gangaro.

“Uwaisu, wai yaushe za a cire amfanin nan ne?”

“Yaya, ka ga tumatir ya fara fure. A bari ya nuna mana.”

“Bara ma haka ka ce.”

“Bara barkono ne, Yaya.”

Sai Alhaji ya girgiza kai, ya yi dariya, a cika masa kwando ya hau da shi. Mun sha ganin wannan da idonmu. Shekara goma sha biyu ana wannan tambaya ana ba da wannan amsa, kuma duka biyun sun san abin da suke yi.

Ya kasance mutumin da bai yarda naƙasasshe ya yi aiki shi kaɗai ba. Da ya ga hannu ɗaya yana iya haƙa da ban ruwa amma ba ya iya dashe, sai ya shiga neman mai hannu biyu. Ya samu Gidiyon, ga shi can a kan kekensa, mutumin kudancin Kaduna, wanda kaya suka rufto masa a wani sito a Bompai ƙafafunsa suka mutu. Uwaisu ya same shi a ɗakin haya a Sharada yana kallon silin, ya ce masa, “Kana da abin da na rasa, ina da abin da ka rasa. Zaman me kake yi?” Tun daga ranar Uwaisu ke kiransa Hannuna, shi kuma yana kiran Uwaisu Ƙafata. Uwaisu ya yi fangali ya jawo ruwa, Gidiyon ya sauka daga keke ya zauna a kan buzu ya dasa. Daga nan dokar lambun ta fito: ba a ba mutum ɗaya fangali, sai biyu, kuma sai waɗanda rashinsu ya bambanta. Abin da fangali ya bayar a raba biyu daidai. Shi ya sa ake ce masa Lambun Biyu-Biyu. An bar hanyoyin cikinsa da faɗi don keken guragu ya wuce, an ja igiya a gefensu don makafi su bi.

Ban ce bai taɓa kuskure ba. Ya taɓa haɗa Kulu, wadda ƙyanda ta makantar tun tana yarinya a ƙauyensu, da Dabora, wadda ƙarar injin saƙa ta kashe wa kunne. A lissafinsa, ga mai ji, ga mai gani, an gama. Ba a yi mako ba Kulu ta biyo igiya har inda yake.

Ta ce, “Malam, kai ma dai da wani aiki. Ka haɗa ni da wadda in na yi magana ba ta ji, in ta yi magana da hannu ban gani. To gulmar wa za mu yi?”

Ya riƙe kai ya ce a gafarce shi, gobe zai sauya. Kulu ta ce a'a, ya bari tukuna. Su biyun suka ƙirƙiro maganarsu a kan wuyan hannu: taɓi kaza ruwa ya isa, taɓi kaza ga ciyawa, matsa kaza ga Malam nan tafe, a yi kamar ana aiki. Kulu tana bambance albasa da ciyawa da yatsa, Dabora tana hango tsutsa daga nesa. Fangalinsu ne ya fi na kowa kyau a shekarar, kuma har gobe ba wanda ya isa ya raba su.

Ya kasance mai kiyaye abin da zai shiga cikin mutane. Kowa a nan ya san ruwan da ke gangarowa daga wajen kamfanonin fata da na rini, yau ja, gobe shuɗi, jibi baƙi mai wari. Yana gudana ko da rani, kyauta, a bakin lambun. An sha ce masa ya juya shi cikin fangali kamar yadda wasu ke yi, ganye ma zai fi kore. Ya ce, “Mu da inji ya ci, ba za mu koma mu ciyar da mutane dattinsa ba.” Ya kira gayya aka haƙa rijiyoyi a can nesa da magudanar. Masu ƙafa suka shiga rami, masu hannu suka ja guga daga sama, makafi suka jera suna miƙa ƙasa. Ranar da aka cim ma ruwa, shi ya fara sha a gaban kowa.

Ya kasance ba ya karɓar sadaka a madadin ciniki. Wata Hajiya daga Hotoro ta sayi albasa, ta ƙara wani abu a kai ta ce a yi mata addu'a. Ya ce addu'a kyauta ce, ya yi mata nan take, sannan ya sa aka ƙara mata albasa daidai abin da ta ƙara. Ta ce ta yi mata yawa. Ya ce, “Hajiya, ki raba wa mabukata.”

Ya kasance abokin zama a ranar da zama ya yi wuya. A watan Mayun 2004, da gari ya rikice, Gidiyon da iyalinsa suka yi gudun hijira zuwa hedikwatar 'yan sanda a Bompai tare da ɗimbin jama'a. Da ƙura ta lafa ya zo lambu sallama, ya ce ya gama da Kano, gida zai koma. Ya tarar da fangalinsu a jiƙe, an cire ciyawa, an ware masa rabonsa. Uwaisu bai roƙe shi ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya ajiye masa irin barkono a cinya ya ce, “Ka tafi mana, Hannuna. Amma ka fara nuna mini yadda ake dashe da hannu ɗaya.” Gidiyon ya zage shi, ya sauko daga keke, ya zauna a kan buzu. Ga shi nan har yau.

Wannan shi ne mutumin da zazzaɓi ya kwantar bayan ƙaramar Salla, Allah Ya karɓi abinsa cikin 'yan kwanaki. Mun yarda da hukuncin Allah. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne maganar da ta biyo baya.

An ce lambun nan na mutum ɗaya ne, ya tafi da abinsa. An ce naƙasassu ba za su iya riƙe shi ba. Waɗanda suka faɗi haka ba su taɓa gangarawa sun gani ba. A cikin jinyarsa da bayan rasuwarsa, wa ya karye masara? Wa ya gyara injin ban ruwa da ya tsaya? Wa ya kai kaya kasuwar 'Yan Kaba ya dawo ya raba wa kowa nasa? Mutanen nan ne da ke zaune a gabanku, biyu-biyu, kamar yadda ya bar su.

Dillalai sun zo da tayi, kuma zan faɗe shi yadda suka faɗa, ba ragi. Sun ce kamfani zai ba kowane gurgu sabon keke, ya ba mata keken ɗinki, ya riƙa kawo buhun shinkafa duk Salla da Kirsimeti, za a yi biki a ɗauki hoto. Aka tara manoma aka karanta musu. Kulu ta ce, “Keken ɗinki? Ni da zan ɗinke yatsana da yadin? Ni albasa na iya.” Gidiyon ya ce, “Shinkafar da za su ba ni, ni nake noma miyarta.” Aka tashi.

Mu mun san yadda irin wannan alheri ke ƙarewa. Shekarar farko buhu ya zo da mai hoto. Ta biyu ya zo a makare. Ta uku a ce manaja ya sauya. Keke ya lalace babu mai gyara, sai a tura mai shi zuwa danjar nan da aka nuna wa Uwaisu tun farko. Mutanen da yau suke sayar wa Kano abin miya su koma suna ƙwanƙwasa gilashin motarta. Wannan ne ba za mu yi ba. A rubuta, a kai wa duk wanda ya aiko: ba za mu yi ba.

Kuma ina da tambaya ga masu neman wurin sito. Ku zaga Sharada, ku zaga Challawa, ku shiga Bompai. Ƙofa nawa za ku gani da kwaɗo ya yi tsatsa, ciyawa ta kai ƙugu a harabar da mutum dubu ke shiga da safe a da? Masaƙar da ta ci hannun Uwaisu ma a rufe take, jemagu ne a ciki. Duk waɗannan rumfunan da ba kowa ba su ishe ku ba, sai wannan 'yar ƙasar da ke aiki? A yankin nan kaf, wuraren da ba a taɓa rage ma'aikata ba ba su da yawa. Lambun nan yana cikinsu.

Yanzu Alhaji Idi, gare ku nake.

Ba mu ce ƙasar ba taku ba ce. Taku ce, ku da magadan ƙanenku, shari'a ta ba ku, al'ada ta ba ku. Mun san kuna da iyali, mun san kasuwa ba yadda take a da ba, mun san abin da aka taya ba ƙarami ba ne. Manoma sun ce in gaya muku a gaban Dagaci da Liman cewa in aro ya yi muku nauyi, a shirye suke a mayar da shi haya, su biya daga abin da ƙasar ta bayar. Ba kyauta suke nema ba. Ba su saba da ita ba.

Amma ku tuna, Alhaji, shekara goma sha biyu kuna da ikon ku ce wa ƙanenku, “Daga wannan shukar kada ka ƙara.” Kalma ɗaya ce, da ta wadatar, kuma da ya bi, domin bai taɓa tsallake maganarku ba. Ba ku faɗa ba. Kuna gangarowa, ku yi tambayarku, ku ɗauki kwandonku ku hau. Mutane suna cewa Uwaisu ne ya kafa lambun nan. Mu da muke kusa mun san mutum biyu ne, kamar kowane fangali da ke cikinsa: ɗaya ya shuka, ɗaya ya yi shiru.

Akwai abin da jama'a ba su sani ba. A makon da zai kwanta, Malam Uwaisu ya yafa irin albasa a bayan ɗakinsa, a cikin gidan nan, inda ya saba renonsa kafin a kai lambu. Shi ne abu na ƙarshe da hannun nan ɗaya ya shuka. Malama Talatu ba ta fita, amma irin yana cikin gida, ita ta riƙa ba shi ruwa safe da yamma tun ranar da aka ɗauki mijinta. Duk manomi ya san irin albasa in ya kai kwana arba'in ya isa dashe, in ya wuce ya tsufa. Yau da safe ta cire shi da hannunta, ta ɗaure dami-dami, ta jera a daro ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ta ba Ummi saƙo ta ce, “Ki gaya wa baffanki ban aika lambu ba, wurinsa na aiko. Babanki bai taɓa shuka a ɓoye ba, ni ma ba zan fara ba.”

Daron yana nan ƙarƙashin teburin nan. Irin da aka cire ba ya komawa. Ko ya shiga ƙasa yau kafin rana ta faɗi, ko ya mutu.

Ga abin da manoma suka yanke. Da an shafa fatiha za su gangara lambu, kowa da abokinsa, su tsaya a bakin fangali. Ba za su dasa ko ƙwaya ɗaya ba sai da izininku. In kun hana, za su zauna a wurin har irin ya yi yaushi a gaban jama'a, gobe su girbe dawarsu, su miƙa muku ƙasarku yadda aka ara ta, su shiga ƙauyuka neman wata fadamar. Za su sha wuya, wasu ba za su kai ba. Amma ko a ranar, ba za ku gan su a danja ba.

Ummi, ɗauko daron, ki kai gaban baffanki. Buɗe buhun ya gani.

Jama'a, a yi haƙuri, a zauna. A ba shi lokaci.

Na baya da ba ku gani, bari in gaya muku. Alhaji ya ɗauki dami ɗaya yana dubawa. Yana magana da Gidiyon. Ku yi shiru mu ji. Ya ce, “Wa zai ja maka ruwa yanzu?” Gidiyon ya ce bai da kowa tukuna. Alhaji ya ce, ya ce a nemo masa fartanyar Uwaisu, mai madaurin fata, shi zai ja wa Gidiyon ruwan.

Kulu, ki matsa wa Dabora hannu ki gaya mata.

To, alhamdu lillahi.

Ranka ya daɗe Dagaci, kun ji kuma kun gani, ku ne shaida. Mun gode muku da kuka taso. Mun gode wa Liman da Fasto da suka zauna a tabarma ɗaya saboda mutumin nan. Mun gode wa ma'aikatan masaƙa da ba su manta da nasu ba, da matan unguwa da suka yi girki, da maƙwabta da suka ba da ƙofar gidajensu. Dillalan da suka halarta, ku ma mun gode. In an haƙe albasa ku dawo ku tambaya, za ku tarar kuɓewa ta tsiro. Malama Talatu, saƙonki ya isa.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Uwaisu ɗan Inuwa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa hannun da ya rasa ya riga shi shiga Aljanna. Duk wanda ya ci daga ƙasar nan, mutum ko tsuntsu, Ka rubuta masa ladan. Ka ba Talatu da Ummi haƙuri, Ka rufa musu asiri. Ka saka wa Alhaji Idi da abin da ya fi wanda aka taya masa. Ka ba manoman nan lafiya da ruwa mai tsabta da kasuwa mai albarka, kada Ka mayar da hannunsu abin miƙawa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Allah gafarta Malam, a shafa mana fatiha. Masu ƙafa ku tura masu keke, masu ido ku riƙe igiya. Mu gangara, rana tana yi.